Ko Kallon Fure Ɓata Lokaci Ne?

A garin Kawazu, a gaɓar teku ta yankin Izu a ƙasar Japan, akwai wani irin itacen ceri da ba ya jiran sanyi ya wuce kafin ya yi fure. Mafi yawan 'yan'uwansa a Tokiyo sai ƙarshen Maris suke buɗewa, su zube cikin kwana goma. Na Kawazu kuwa tun watan Fabrairu yake somawa, ya kuma yi kusan wata guda. Domin haka kowace shekara garin yakan yi biki, jama'a su shiga jirgin ƙasa na fiye da awa biyu daga Tokiyo, su yi ta tafiya a bakin kogi ƙarƙashin itatuwan da suka jeru kimanin kilomita 4.

Abin tambaya ga iyalai shi ne: ya dace mai hankali ya ɓad da kuɗi da yini guda don ya kalli abin da ba a ci, ba a sha? 'Ya'yan itacen nan ƙanana ne, ba a kai su kasuwa. Wani zai ce almubazzaranci ne, tun da akwai kuɗin makarantar yara, ga maƙwabci yana kwana da yunwa. Maganar tana da nauyi, kuma wanda ya ci bashi don ya je kallo ba shi da hujja.

Amma a duba asalin abin. Wajen shekara ta 1955 wani mutumin garin ya tsinci ɗan tsiro a bakin kogi, ya kai gida ya dasa. Sai a 1966 ya yi fure, wato shekara 11 ana kiwon abin da ba a san amfaninsa ba. A 1974 aka raɗa masa sunan garin. Yau masu masauki da masu sayar da abinci suna cin albarkacinsa, amma kada mu yi saurin kāre itacen da wannan riba, domin idan ciniki ne kaɗai hujjarsa, mun koma ga ma'aunin mai ƙorafin. Wanda ya dasa shi bai yi lissafin baƙi ba.

A ganina mutum yana da wata yunwa da tuwo ba ya kashe ta. Uban da ya tsaya da ɗansa gaban itace, ba ya aikensa, ba ya yi masa faɗa, suna duban abu ɗaya tare, ya ba yaron abin da ba a saye. Akwai horo kuma a ciki: furen ba ya bin kalandar biki. Idan sanyi ya tsananta yakan makara, wanda ya zo da wuri ya tarar da rassa ba su buɗe ba, babu kuma wanda zai kai wa ƙara.

Mu ma, ai, muna da namu. Gurjiya takan kaɗe ganye da hunturu, ta cika da jan fure tsakiyar ƙura. Sau da yawa abin da muke gani a jikinta shi ne kayan miya, mu tsince mu wuce ba mu ɗaga kai ba.