Abin Wasan da Ba a Wasa da Shi

Mai neman tsofaffin kayan wasan yara a Zariya wajen 'yan gwanjo yake nufa. A kasuwar Sabon Gari, ko a bakin titin Samaru daura da Jami'ar Ahmadu Bello, akan shimfiɗa buhu a zube abin da yaran Turai da Amurka suka gaji da shi: mota ba taya ɗaya, 'yar tsana mai cukurkuɗaɗɗen gashi, sojan roba da ya rasa bindigarsa. Masu tsugunawa gaban tarin iri biyu ne. Akwai uwa da ɗanta, tana lissafin canjin cefane. Akwai kuma mu, 'yan shekara talatin da ɗoriya, masu albashi, muna juya ɗan mutum-mutumin roba don mu ga shekarar da aka buga a bayansa ko a ƙafarsa. Idan muka riga yaron ɗauka, muka kai gida muka kulle a gilashi, cetonsa muka yi, ko ƙwace?

Waɗannan 'yan robobi suna da tarihi. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe, soja mai gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa, ya kuma ƙi kiransa 'yar tsana don kada yara maza su guje shi. Na fim ɗin Star Wars sun shiga kasuwa a 1978, He-Man na kamfanin Mattel ya biyo baya a 1982. Mu ta talabijin muka san irinsu, lokacin da muke cincirindo a falon maƙwabta muna kallon Voltron da Power Rangers. Ƙalilan ne a cikinmu iyayensu suka iya saya musu. Yau da aljihu ya ɗan yi nauyi, sai muka koma neman abin da ya wuce mu.

A ƙasashen waje wannan sha'awa ta zama babbar kasuwa. A 2024 an sayar da samfurin gwaji na Boba Fett, ɗan roban da bai kai tsawon tafin hannu ba, a kan sama da dala miliyan ɗaya. Ƙa'idar kasuwar kuwa ita ce, wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi daraja. Wato abin wasa mafi tsada shi ne wanda bai taɓa sa wani yaro dariya ba.

Mai tarawa yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. In ba don shi ba, ƙarshen ɗan roban bola ne, a ƙone shi da leda. Ajiye abin da ke tuna wa mutum ƙuruciyarsa ba aibu ba ne, ai iyayenmu mata sun jera tasoshi da kwanonin da ba a cin tuwo a ciki, ba wanda ya ce sun yi wauta. Sai dai kwanon jere don jere aka saye shi. Abin wasa kuwa don hannun yaro aka ƙera shi, don a ja shi a ƙasa, a ba shi suna, a yi faɗa a kansa, har ya karye. Ko malaman da suka yi rangwame kan 'yar tsana, bisa ruwayar cewa Nana A'isha ta yi wasa da su tana ƙarama, wasan yara suka duba. Babban mutum da ya jera siffofi a gilashi ba zai fake da wannan rangwame kai tsaye ba, shi ya sa da yawa a cikinmu ke jin wani ɗar a zuci.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan matsala ta wata ƙofa. Manhajar da aka adana a faifai, ba na'urar da ke iya kunna ta, ba mutumin da ya fahimci yadda aka gina ta, ta mutu ko da ba harafi ɗaya da ya ɓace a cikinta. Da kamfanin Adobe ya janye hannu daga Flash a ƙarshen 2020, wasanni masu ɗimbin yawa sun daina buɗuwa a intanet. Waɗanda suka ceto su ba tara su kawai suka yi ba, sun rubuta sabuwar hanyar da za a ci gaba da buga su. Adanawar gaskiya ita ce a bar abu yana aikinsa.

Da wannan ma'auni, sai mu waiwayi abin da muka yi wasa da shi da gaske. Bayan girbin dawa, yaro zai samo kara, ya fere ɓawonsa, ya yanka totuwar, ya soke wannan cikin wancan har mota ta fito da ƙofofinta. Wani zai lanƙwasa langalanga, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas. Yarinya za ta ɗaura wa ƙashi ko kara ƙyalle, ta yi masa kitso, ta goya. Motar kara ba ta yin shekara, gara da ruwan sama za su gama da ita, don haka ba ta shiga gilashin kowa. Abin da ya raya ta tsawon zamani shi ne wa yana koya wa ƙane. Ranar da aka samu tsara guda da ba ta koya ba, ta tafi ke nan, kuma ba dilar gwanjon da za ta dawo da ita daga Turai. Mun dage muna adana ƙuruciyar yaran wasu ƙasashe, tamu tana zubewa a hannunmu.

Ba mu ce a daina tarawa ba. Amma akwai haƙƙi a kan mai tarawa. Kada kuɗinmu ya sa ɗan gwanjo ya ɗaga farashin da uwa ba za ta iya biya ba. Idan mu da yaro muka kai hannu kan abu ɗaya, nasa ne, domin shi wasa zai yi, mu tuna baya kawai za mu yi, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gilashin nan ma ya riƙa buɗuwa idan 'ya'yan 'yan'uwa sun zo, ko da hannun He-Man zai cire.

Sauran aikin ba ya buƙatar ko sisi. Gonakin dawa sun kewaye Samaru, kara kuma yana nan duk kaka. Yawancinmu har yanzu yatsunmu na tuna yadda ake haɗa gindin mota da tayoyinta. Yamma ɗaya ta isa a zauna da yara a ƙofar gida, a ajiye waya, a nuna musu. Motar za ta lalace kafin damina, su kuma za su iya ƙera wata.