Abinci: Sadaka Ne Ko Haƙƙi?

A manyan biranen duniya akan iske unguwa biyu kusa da juna. A ɗaya akwai ganyaye da 'ya'yan itace da kifi da madara, ko'ina mutum ya juya. A ɗayar kuwa sai burodi da alewa da ruwan zaƙi na kwalba, gama su ne masu araha, su ne kuma ba su ruɓewa. Yaran wannan unguwa sukan cika ciki, amma jiki bai sami abin da zai gina shi ba. Idan muka ga haka mukan yi saurin cewa iyayensu ba su da sani. Amma me sani zai yi wa uwar da kasuwar ganye ta yi mata nisa, kuɗin mota kuma ya cinye rabin kuɗin cefane? Tambayarmu ke nan: abinci mai kyau sadaka ne da mai hali zai bayar in ya ga dama, ko haƙƙi ne wanda gari duka zai tsaya a kansa?

Bari mu duba abin da wani birni ya yi. Belo Horizonte yana ƙasar Birazil, mutanensa sun fi miliyan 2. A shekara ta 1993, sa'ad da Patrus Ananias yake shugaban birnin, hukumar ta tsai da magana cewa abinci haƙƙin kowane ɗan gari ne, ta buɗe ofishi na musamman domin wannan aiki. Ba rabon hatsi kyauta ne babban aikinsu ba. Sun lura manomi yana sayarwa da araha, matalauci yana saye da tsada, riba kuwa tana tsayawa a hannun 'yan tsakiya. Sai suka ba ƙananan manoma wuri a cikin birni su sayar da amfanin gonarsu da kansu. Suka ba waɗansu 'yan kasuwa rumfa a filin hukuma, da sharaɗin su sayar da wajen iri 20 na kayan lambu bisa farashin da aka yanka, sauran kaya kuwa su sa kuɗin da suke so. Waɗansu da aka ba wuri mai ciniki a tsakiyar gari, aka ɗora musu su kai kaya da mota unguwannin matalauta a ƙarshen mako. Suka gyara abincin makarantu. A 1994 suka buɗe gidan abinci na jama'a, inda shekaru da yawa ana cin abincin rana a kan real 1, kuɗin ƙasarsu.

Abu ɗaya a gidan abincin nan ya isa a tsaya a kansa. Ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Lebura da ɗan makaranta da magatakarda da tsohuwa suna bin layi ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya. Sadaka kyakkyawa ce, ba mu rena ta ba, kuma ran gobara ko fari babu abin da ya fi ta sauri. Amma mai karɓar sadaka yakan sunkuyar da kai, ba shi da bakin cewa shinkafar nan ta yi tsutsa. Wanda ya miƙa kuɗinsa, kome ƙanƙantarsa, yana da bakin magana. Mutum yana bukatar mutunci kamar yadda yake bukatar tuwo.

Waɗansu za su ce, idan an mai da abinci haƙƙi, ashe ba za a koya wa mutane ƙyuya ba? Maganar tana da nauyi, gama ba daidai ba ne mai ƙarfi ya zauna a inuwa yana cin gumin wani. Amma mu duba su wane ne ke unguwannin nan. Yawancinsu masu dako ne, da masu shara, da masu wanki, da magina, watau waɗanda suka riga kowa tashi. Jariri kuma wane aiki za a ce ya ƙi yi? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗansu kuma za su ce abin ya yi tsada. Duk aikin nan bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin da birnin ke kashewa a shekara ba. Abin da aka ƙi kashewa a kan ganye da wake, za a kashe shi a asibiti.

Abin bai tsaya a birni ɗaya ba. A 2004 Ananias ya zama ministan yaƙi da yunwa na ƙasar. A 2009 aka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta a sayi abinci da shi daga ƙananan manoma. A 2010 aka rubuta haƙƙin abinci cikin tsarin mulki. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Birazil daga taswirar ƙasashe masu yunwa. Bayan 'yan shekaru ta sake komawa ciki, ba ta fita ba sai a 2025. Ashe haƙƙi kamar gona yake, in an bar nome sai ciyawa ta rufe shi.

Saboda haka amsarmu ita ce, abinci mai gina jiki haƙƙi ne, sadaka kuwa mataimakiyarsa ce, ba magajiyarsa ba. Haƙƙi kuma yana da wanda zai biya shi. Mai mulki yana da nasa rabo wajen ba da fili da gyara hanya, ɗan kasuwa wajen mudu na gaskiya, mu maƙwabta wajen buɗe baki inda ake yanke shawara. 'Yan'uwa masu karatu, mu tambayi kanmu: a garinmu, wace unguwa ce yaranta ke yin mako ba su ga ganye a miya ba, me kuma ya hana kasuwa isa wurinsu?