Idon Ɗan Kallo: Me Ake Zuwa Gani A Filin Ƙwallon Mata?

Duk wanda ya san harkar fim ya san cewa ɗan kallo ba shi da 'yancin da ya ke zaton ya na da shi. Darakta ne ke zaɓar abin da za ka gani. In ya ga dama ya sa a matso da kyamara kan fuskar jaruma, in ya ga dama ya sa a sauke ta ƙasa, kai dai naka ido. A 1975 wata manazarciyar fim 'yar Ingila, Laura Mulvey, ta yi rubutu a kan haka, inda ta nuna cewa yawancin tsofaffin finafinan Hollywood an tsara su ne don idon namiji: shi ke tafiyar da labari, ita kuwa macen an aje ta ne don a kalla.

To amma a filin ƙwallo babu darakta. Wanda ya sayi tikiti ya hau benci shi ne mai kyamara, shi ne kuma mai tacewa. Inda ya kai idon sa, shi ya kai. Shi ya sa na ga filin ƙwallon mata wuri ne mai kyau na yin wata tambaya da ta shafe mu duka, 'yan kallon fim da makaranta littattafai: shin ɗan kallo ya na da wani nauyi a kan sa game da wadda ya ke kallo, ko kuwa da zarar ya biya kuɗin ƙofa shi ke nan?

Bari mu fara kawar da wata tsohuwar magana, wai ai ba mai son kallon ƙwallon mata. A ranar 26 ga Disamba, 1920, mutum kimanin 53,000 su ka cika filin Goodison Park da ke birnin Liverpool don kallon wata ƙungiyar mata ma'aikatan masana'anta, Dick, Kerr Ladies. Shekara guda bayan haka, a Disambar 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashin ta, wai wasan bai dace da su ba. Haramcin ya kai kusan shekara 50. Wato 'yan kallo su na nan, ƙofa aka rufe masu. Da aka buɗe kuwa sun dawo. A Afrilun 2022 mutum 91,648 su ka kalli matan Barcelona da na Wolfsburg a filin Camp Nou.

Saboda haka maganar yawan jama'a ta ƙare. Abin da ya rage shi ne irin idon da kowa ya shigo da shi. A nawa ganin, idon nan iri uku ne.

Na farko shi ne idon sha'awa. Mai wannan ido ƙwallo na can, shi ya na nan. Kada mai karatu ya ɗauka 'yan zaman benci ne kaɗai ke da wannan ciwon. A 2004 Sepp Blatter, wanda a lokacin shi ne shugaban FIFA, ya ba da shawarar mata su riƙa sa gajeren wando mai kama jiki don a ƙara samun 'yan kallo. A Agustan 2023 kuma, bayan matan Sifen sun ci Ingila 1-0 sun ɗauki Kofin Duniya a birnin Sydney, shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Luis Rubiales, ya kama kan 'yar wasa Jenni Hermoso ya sumbace ta a gaban duniya. Ta ce ba da yardar ta ba. Ya sauka daga muƙamin sa, kuma a 2025 kotu ta same shi da laifi ta ci shi tara. Ɓarnar wannan ido ita ce ya na shafe aiki. Mata sun yi shekaru su na wahalar atisaye, amma washegari labarin sumba ya danne labarin kofi.

Na biyu shi ne idon tausayi. Wannan ya fi wuyar ganewa domin ya na zuwa da fara'a. Shi ne mai cewa, “Kai, ai sun yi ƙoƙari, mata ne fa!” Ko an ɓarar da ƙwallo a gaban raga sai ya tafa. Ana yawan yaba wa filayen ƙwallon mata a Turai da cewa akwai natsuwa, tikiti da sauƙi, mutum ya kan je da iyalin sa ba fargabar rigima. Wannan abu ne mai kyau, ba na ja. Amma tafin da ake yi wa wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure, tafin da ake yi wa yaro ne mai koyon tafiya. Babba ba ya son sa. Mu masu sharhin fim mun san wannan: in ka ƙi faɗin kuskuren 'yar wasa don kawai mace ce, ka nuna ba ka taɓa sa ran za ta iya ba. Raini ne ya sa rigar ladabi.

Na uku shi ne idon da ke bin ƙwallo. Ga misali daga nan Afrika. A Yulin 2022 Super Falcons su ka kara da Maroko a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afrika na mata a birnin Rabat, a gaban mutum 45,562. An kori 'yan Nijeriya biyu, Halimatu Ayinde da Rasheedat Ajibade, saura tara su ka riƙe wasa 1-1 har bugun fenariti, inda Maroko ta yi nasara. Jama'ar filin ba su tausaya wa kowa ba. Ihu su ke yi, su na fito, domin sun san waɗannan baƙin za su iya raba su da kofi. Tsoron nan girmamawa ce. A Yulin 2025 kuwa, a Rabat ɗin dai, Falcons su ka tashi daga 2-0 su ka ci 3-2 a wasan ƙarshe, kofin su na 10.

Sai dai shi ma wannan ido ya na da iyaka. A wasan 2022 ɗin nan wasu 'yan kallo sun riƙa haska wa 'yan wasan Nijeriya koriyar fitilar leza a fuska. Wannan ya wuce goyon baya, ya zama cuta. Ɗaukar wasan mata da muhimmanci ba ya nufin a kwaso duk ƙazantar da ta ɓata filayen maza a jibge a nan.

Na san wani zai ce, malam, duk wannan dogon turanci ne, tun farko me ya kai mace fili gaban maza? Wannan ra'ayi ne da mutane da dama ke da shi bisa tarbiyya da kunya, kuma wanda ya ƙaurace wa kallon saboda haka bai cuci kowa ba. Ya yi abin da zuciyar sa ta yarda da shi. Wanda na ke magana a kai shi ne mai zuwa da kan sa, ya biya kuɗi, ya more idon sa, sannan ya fito ya na zagin wadda ya kalla. Mun san irin sa sarai a duniyar fim ɗin Hausa: shi ne kan gaba wajen neman fim mai rawa, shi ne kuma kan gaba wajen kiran 'yar wasan da mummunan suna. A ci naman kaza a bar ta da tsangwama. In kallon laifi ne, to da shi aka yi. In kuwa ba laifi ba ne, zagin na mene ne?

Kallo aiki ne, kuma kasuwa idon mai saye ta ke bi. Furodusa ya na shirya abin da ya ga ana rububi, mai tallar kaya ya na zuba kuɗi inda ya ga ido ya karkata. Shawarar Blatter ba daga sama ta faɗo ba, lissafi ya yi da irin idon da ya ke zaton 'yan kallo na da shi. Duk wanda ya zauna a benci ko gaban talbijin ya na ba da amsa ne ga wannan lissafin, ko ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Hakkin 'yar wasa a kan ɗan kallo ba shi da yawa. A kalli aikin da ta fito yi, a yaba in ta yi daidai, a faɗa in ta yi kuskure, a bar mata mutuncin ta in an tashi. Ga gwaji mai sauƙi: in an busa tashi, ka tambayi kan ka me za ka iya bayar da labari. In ka na iya faɗin wadda ta ba da fasin da aka ci ƙwallo ta biyu, ka kalli wasa. In kuwa ba abin da ka riƙe sai surar mutane, to laifin ba na darakta ba ne, don a wannan fim ɗin kai ka riƙe kyamara.

Allah ya sa mu gyara.