Talis da Matsar Zaitun: Hangen Nesa ko Ɓoye Kaya?

A garin Militus, bakin tekun ƙasar da ake kira Turkiyya yau, an yi wani masani Bagirke mai suna Talis. Shi ne aka ce ya faɗi husufin ranar da aka yi a shekara ta 585 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) tun bai auku ba. Mutanen garinsu dai ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Har ana cewa ya taɓa faɗawa rijiya yana kallon taurari, wata kuyanga ta yi ta masa dariya. Gorin kullum shi ne: ina amfanin ilimin da ya bar ka a tsiya?

Aristo ya kawo yadda ya rama. Tun cikin hunturu lissafinsa ya nuna masa zaitun zai yi albarka, sai ya bi wuraren matse mai na Militus da tsibirin Kiyos ya ba da kafin alƙalami da ɗan abin hannunsa, a farashin banza, don ba mai nema lokacin. Da kaka ta zo, kowa ya taso neman matsa, sai ya yanka kuɗin hayar da ya ga dama.

Mu ’yan kasuwa labarin nan daɗi yake mana, kar mu ɓoye. Amma wa ya biya? Manomin da zaitunsa ya nuna, in ya jira ya lalace, kuma duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa Talis ne a bayanta. Aristo kansa bai kira wannan hikima ba, cewa ya yi dabara ce ta mallake kasuwa, kowa ma zai iya.

Wani zai ce ai ba abinci ya ɓoye ba, haya ya kama, kuma da zaitun bai yi ba shi ke da asara. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu gaggauta hukunci ba. Sai dai mun san hadisin Muslim da ya kira mai ɓoye kaya mai laifi, kuma abin da malamanmu suka duba a ciki shi ne cutar da jama’a. Annabi Yusuf (AS) ma ya hango shekaru bakwai na fari ya tara hatsi, amma don a ci ne.

A unguwar nan tamu, wanda ya riga kowa kama motocin da za su sauko da tumatir daga Arewa, ko ya cika shago da albasa yana jiran azumi, sahu ɗaya muke tsayawa da shi, kuma har yau “mai wayo” muke ce masa.