Lemo Kawai Muka Sha

Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani matashi ne ya yi mana ita a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Ya ce, "Malam, mutum ya je sarin kaya ƙasar waje, Najeriya na wasa, ga mashaya ana nunawa. In ya shiga ya sayi lemo, ya kalli ƙwallonsa ya fito, ya yi laifi?" Muka ce ya ba mu lokaci. Amsar ba ta ɓace mana ba, kunya ce ta kama mu, domin mu ma mun taɓa shiga.

Abin ya faru ne ranar Juma'a 22 ga Yunin 2018, mako guda bayan Ƙaramar Salla. Muna Gwanzu a ƙasar Sin, mu biyu da wani yaron shagonmu da muka tafi da shi don ya koyi hanya. Ran nan ne Najeriya ta kara da Aisilan a gasar cin kofin duniya ta Rasha. A nan gida ƙarfe huɗu na yamma aka take wasa, can kuwa sha ɗayan dare ne, don sun riga mu da awa bakwai. Talabijin ɗin ɗakinmu na nuna wasan, amma da Sinanci, ga ɗaki shiru kamar an yi mutuwa. Yaron ya ce akwai inda 'yan Najeriya ke taruwa. Muka yi jim, muka ce ai lemo za mu sha, muka bi shi.

Teburin wasu 'yan Anacha da muke haɗuwa wajen aika kaya muka zauna. Mutanen kirki ne, sun karrama mu, har suka janye kwalabensu gefe. Da aka dawo hutun rabin lokaci Ahmed Musa ya zura ta farko, wuri ya kaure. Wani ya rungume mu da kofi a hannu, giya ta wanke mana gaban riga. Da ya ƙara ta biyu mun manta da rigar ma, muna ta tsalle. Sai da muka koma masauki, muna wankin riga a banɗaki kafin Asuba, jikinmu ya yi sanyi. Duk da haka muka ce ai ba mu sha ba.

Bayan shekara guda muka aiki yaron shi kaɗai. Labari ya dawo mana cewa kusan kullum yana wurin, ko ana wasa ko ba a yi. Da wani dattijo ya yi masa magana, sai ya ce, "Ai da Malam muka fara shiga." Wallahi har yau maganar nan tana ci mana rai. Fatawar da ba mu bayar da baki ba, ƙafarmu ta bayar da ita.

To, mu dawo ga tambayar. Masu cewa babu laifi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa a jirgin da muke hawa ana raba giya a kujerar kusa da mu, otal ɗin da muke kwana akwai mashaya a ƙasansa, kuma babu malamin da ya hana fatauci saboda haka. Gaskiya ne. Sai dai jirgi don tafiya aka yi shi, otal don kwana, kuma buƙata ce ta kai mu. Mashaya kuwa don sha aka gina ta. Mai ita bai rataya ƙaton talabijin don son Najeriya ba, ya san minti casa'in zai zaunar da mutum ya yi ta ƙara kwalba. Kuɗin lemonmu da ihunmu duk cikin cinikin nan suke shiga. Kallon ƙwallo kuma nishaɗi ne, bai kai lalurar da ke halatta abin da aka hana ba.

A Islamiyya an karantar da mu hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. A lura, zaman aka hana, ba a tsaya kan sha ba. An kuma ruwaito cewa an kawo wa Umar ɗan Abdul'aziz wasu mashaya, aka ce a cikinsu akwai mai azumi wanda bai sha ba, ya ce da shi za a fara. Hikimar a bayyane take. Ran farko warin wurin yana hawa wa mutum kai, ran na biyar ba ya ma jin sa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai kuma mai cewa, "Can wa ya san ni?" Wannan ita ce ainihin jarrabawar, kuma mu 'yan zango ya kamata mu fi kowa gane ta. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, da me kakanninmu suka riƙe cinikin goro da shanu a ƙasar da ba tasu ba? Mutum zai ba da shanu bashi, ko ya ɗora huhunan goro zuwa Kano, babu takarda babu lauya, don an san halin wanda aka ba, kuma an san halin nan ba ya canzawa in ya haye Jaba. Wanda yake mutum ɗaya a Sabo, wani mutum dabam a Dubai ko Landan, ya fara taɓa jarin da ya fi kuɗinsa. Wanda muke tsoro a sahun gaba na masallacinmu shi ne dai yake gani a Gwanzu. Balle yanzu da kowa ke riƙe da waya: hoto ɗaya da kwalba a gabanka, wa zai tsaya tambayar ta wace ce?

Amma in muka tsaya a nan ba mu yi adalci ba. Me ya fitar da mu daga ɗaki a daren nan, alhali wasan na gabanmu? Kewa ce. Kwana goma mutum bai ji Hausa ba, bai ci tuwo ba, yana ciniki da kalkuleta kamar bebe. So yake in ƙwallo ta shiga ya juya ya ga wani yana murnar da yake yi. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma mu masu wa'azi mun cika cewa "kar ka" mu yi shiru, ba mu faɗi inda za a je ba. Iyayenmu ba haka suka yi ba. Sun san baƙon da aka bari shi kaɗai ko'ina zai iya faɗawa, shi ya sa kowane fatake ke da maigidansa, mai ba shi ɗaki da abinci da abokan hira.

Wannan gadon za mu ɗauka mu tafi da shi. In muna gari ɗaya mu uku ko huɗu, a haɗu a ɗakin mutum ɗaya, a dafa shayi, a kira har abokanmu 'yan Anacha, za su zo. A Dera ta Dubai, da Istambul, da unguwannin Larabawa da Turkawa na Turai, akwai gidajen shayi da na abinci masu nuna wasa babu giya, tambaya kawai ake yi. Wanda ya daɗe yana zuwa gari ya nemi sabon zuwa tun kafin ranar wasa. Ƙatar ma a 2022, kwana biyu kafin buɗe gasar duniya, ta hana sayar da giya ga 'yan kallo a filayenta, aka yi surutu, aka kuma yi gasar har ƙarshe. In kuwa duk an rasa, a kalla a waya, ko a ji sakamako da safe. Najeriya ta sha cin wasa ba mu gani ba.

Ga amsarka, ɗana: wanda ya shiga ya sha lemo ba mashayi ba ne, kada kowa ya kira shi haka. Amma ya zauna inda aka hana shi zama, kuma bai san wa ke bin sawunsa ba. Yaron namu Allah Ya shirye shi, yau da shagonsa da iyalinsa, mun kuma nemi gafararsa tun kafin ya nemi tamu. Allah Ya tsare mu a gida da daji, Ya sa albarka a fataucinmu. Amin.