Hannun da Ke Tsintar Gyaɗa

Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Yakasai, Jakara da Dala, da 'yan'uwa masu awo a Kasuwar Rimi, tsintar gyaɗar nan da kuke yi kafin suya, kuna ware ruɓaɓɓiya da mai fumfuna, ceton rai ce, kuma masu bincike sun tabbatar.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu Allah ya sa wani sinadari da aka gano a 1979, ana kiran sa p53. Aikinsa irin na sarkin ƙofa ne. In saƙo ya iso cewa ƙwaya ta samu lahani, sai ya hana ta hayayyafa har a gyara ta, in gyara ya gagara ya sa ta mutu. Ranar da ya gaza, lalatacciyar ƙwaya ta samu hanya. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan'adam, in an duba, za a tarar p53 ya lalace.

Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a wuri mai danshi tana fitar da guba, aflatoksin. A 1991 masu bincike suka duba masu dajin hanta a kudancin Afirka da yankin Qidong na Sin, suka ga a da yawa daga cikinsu p53 ya lalace a gurbi guda, na 249, tabon wannan guba. In mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin sai ya ninka sau da yawa. Suya kuwa ba ta gamawa da gubar.

Amma ku ji abin da ya faru a ƙauyukan ƙasar Gini. Manoma suka tsince gyaɗa da hannu, suka shanya ta a tabarma har ta bushe ƙarau, suka zuba a buhun algarara, suka ɗora bisa katako. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba. Babu inji, hannu ne da haƙuri, kuma kun fi kowa su.

Na san zubar da ko tiya guda asara ce a wannan tsadar. Duk da haka, mu jikokin waɗanda suka gina dalar gyaɗa ne, kada mu yarda mummuna ta shiga turmi. Kada a ba yara ita, kada a karyar da ita ga mai ƙaramin ƙarfi. Mai saye, ka biya mai tsafta kuɗinta ba ƙorafi. In an yi haihuwa a gida, a garzaya da jariri asibiti a ranar, a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B.