ZOBE DA TSAKIYA: DA WANE MA'AUNI MUSULMI ZAI ZAƁA?

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Runka, da na Safana da Batsari, ya san 'yan koli da tirensu: zobban azurfa masu idon akik, da tsakiya, da murjani, da duwatsun wuya iri iri. Mace ta ɗaga wannan ta ajiye wancan, namiji ya gwada zobe a yatsa, kowa na neman wanda ya dace da shi. To, da me ake gane wanda ya dace? Da launi, ko da tsada, ko kuwa da abin da mai tire ya ce dutsen yana yi?

Da farko dai Musulunci bai ƙi ado ba. Aya ta 32 a Suratul A'araf ta yi inkarin masu haramta ƙawar da Allah Ya fitar wa bayinSa, aya ta 14 a Suratun Nahli kuwa ta lasafta kayan adon da ake cirowa daga teku cikin ni'imomi. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi zoben azurfa bayan sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira, domin buga hatimi a wasiƙun da ya aika wa sarakuna, kuma Muslim ya ruwaito daga Anas cewa idon zobensa na Habasha ne. Zoben hatimin nan ya bi hannun Abubakar da Umar, har ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Usman.

Ma'auni na farko shi ne halacci. Zinariya halal ce ga mata, haram ce ga maza. Malaman Malikiyya sun yarje wa namiji zoben azurfa guda ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami 2 ba, watau kimanin giram 6, sun fi son a sa shi a hannun hagu, sun kuma karhanta na ƙarfe da na tagulla. Wannan fage ne mai sauƙi, wanda ya tambaya zai sani.

Ma'auni na biyu ya fi wuya, domin a zuciya yake. Runka tana gefen dajin Rugu, kuma shekara da shekaru mutanen wannan yanki na fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Inda tsoro ya yi yawa, nan kasuwar masu alkawari ke ci. Wani ya ce wannan dutse maganin bindiga ne, wancan na ɓata ne, wancan kuma na buɗin kasuwa. A wayoyin hannu kuma ga masu cewa kowane watan haihuwa da dutsensa, alhali kuwa jerin da ake yawo da shi 'yan kasuwar kayan ado na Amurka ne suka tsara shi a 1912. Haka nan hadisan da ake kawowa kan falalar sa zoben akik, malaman hadisi irin su Uƙaili da Ibnul Jauzi sun bayyana cewa ba su inganta ba.

Mai hankali ya duba tarihin dutsen kansa. Tsakiyar da kakanni suka gada, wata daga Kambay ta ƙasar Indiya ta fito, ta biyo alhazai da fatake. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na garin Idar-Oberstein a Jamus suka riƙa sayo akik daga Brazil, su rina shi, su fere shi daidai da yadda mutanen Afirka ta Yamma ke so. Daga baya masana'antun Bohemiya suka kwaikwaye shi da gilashi. Lantana kuwa a Ilori aka riƙa huda ta, ana goge ta. Abin da ɗan Adam ya haƙo, ya rina, ya yi wa farashi, yaya za a yi ya zama mai tsaron ran ɗan Adam? Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad, mafi darajar duwatsu, ya shaida cewa ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ya sumbace shi ne kawai don ya ga Annabi ya yi. In haka ne ga dutsen Ka'aba, ina ga na tiren ɗan koli?

Wani zai ce ai magani ma sababi ne, me ya raba shi da dutse? Abin da ya raba su shi ne, sababi sai shari'a ta tabbatar da shi ko kuwa gwaji bayyananne ya nuna shi. Wanda ya ɗauki dutse sababin tsari ba tare da ɗayan biyun ba, ya buɗe ƙofar ƙaramin shirka. Wanda ya ƙudurta cewa dutsen da kansa yake karewa, ya faɗa babba. Banda wannan akwai hasarar duniya, domin mai zoben zai bi hanyar da aka hana shi bi da dare yana taƙama da abin da ke yatsarsa.

Ma'auni na uku shi ne gaskiya. Babu laifi mace ta sa gilashi ko wankin zinariya in shi ƙarfinta ya kai, muddin ba don ta yaudari kowa ba. Laifin yana kan mai sayar da gilashi da sunan akik, wannan algus ne. Mai saye kuma ya kiyaye: akik ya fi gilashi tauri, bakin wuƙa ba ya karce shi, yana da sanyi a hannu, kuma ba a ganin ƙananan kumfa a cikinsa kamar yadda akan gani a gilashi.

Na huɗu shi ne iko. Sau nawa aka ci bashi don sarƙar lefe, amarya ta haskaka yini ɗaya, gida ya yi damina biyu yana biya? Ga matan karkara kuwa ɗan kunne da awarwaro asusu ne, ranar larura su ake sayarwa. Wadda ke nufin haka ta sani cewa zinariya da azurfa ake awo a saya, dutse kuwa da wuya ya mayar da kuɗinsa. Ta kuma sani cewa a mazhabar Malik abin da ake sawa don ado ba shi da zakka, amma wanda aka ajiye don gobe yana da ita idan ya kai nisabi, watau kimanin giram 85 na zinariya ko 595 na azurfa, kuma shekara ta zagayo.

Saboda haka dutsen da ya dace da mutum shi ne wanda shari'a ta halatta masa, aljihunsa ya ɗauka ba da bashi ba, aka faɗa masa gaskiyar ko mene ne, kuma in ya ɓace gobe zai yi barcinsa ba tare da jin cewa tsarinsa ya tafi ba.

Allah Ya zaunar da ƙasar Runka da maƙwabtanta lafiya, Ya tsare imanin Musulmi, amin.